Tayoyin Hanyar Jos

Na sha jin ku kuna ba 'ya'yanku labarin abin da kuka raɗa wa suna Sallar taya, kuna ƙyalƙyala dariya, wai shekarar da Mama ta hana ku ɗinkin Sallah ta je ta saya wa mota takalma. Ba ya ɓata mini rai, ni ma nakan dara. Sai dai rabin labarin kuka riƙe. A lokacin kai Abba kana makarantar kwana, ku kuma Hauwa da Fa'iza ba abin da ke gabanku sai atamfar da ƙawayenku suka ɗinka. Yanzu da na ajiye alli na zauna a gida, babanku kuma ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa, na ga ya kamata in faɗa muku yadda abin ya faru tun daga tushe. Akwai mutum biyu da nake so ku san abin da suka yi mana. Ɗaya Baffanku Haladu ne, wan babanku. Ɗayar kuwa ba danginmu ba ce, ba yarenmu ɗaya ba, ba addininmu ɗaya ba.

Babanku mutum ne da bai ɗauki duniya da zafi ba. Abin da aka ba shi ya ci, rigar da aka wanke ya sa. Abu ɗaya ne yake kashe wa kuɗi ba ya jin ciwo, mota. Yana da wata tsohuwar mota ƙirar Jamus da ya saya a hannun wani malamin jami'a a Yelwa da zai bar gari, gajera, mai nauyi, mai gudu kamar ba ta taka ƙasa, tayoyinta masu faɗi, gefensu siriri. Kowace Asabar da safe yakan fito da ita ƙofar gidanmu na Ɗan Iya ya wanke ta da kansa, maƙwabta na wucewa suna tsokanarsa wai amarya ta sha wanka. Da ita ya koya mini tuƙi a filin makarantar da nake koyarwa, bayan yara sun tashi. Kuma tunda ya saye ta bai taɓa sa mata taya mai araha ba. Baffanku, wanda ya yi rayuwarsa a tasha, ya fara da tuƙi har ya mallaki ƙananan motocin haya masu zuwa Gombe da Kano, ba ya gajiya da yi masa faɗa a kan haka.

"Isa, taya baƙar roba ce," yakan ce. "Mai tsada da mai araha duk kwalta ce za ta cinye su. Suna kawai kake saya."

Babanku sai ya yi murmushi ya ce, "To, Yaya," ya ci gaba da abin da yake yi.

A bazarar wannan shekara ciwon bayan da ya daɗe yana ɓoyewa ya kayar da shi. Ya tsuguna yin alwalar la'asar, ya kasa miƙewa. Daga nan ƙafarsa ta hagu ta fara mutuwa, har ya zamana sai an ɗaga shi an kwantar. Aka yi ta kai da kawowa, a ƙarshe aka tura mu wani asibiti a Jos, inda aka yi masa tiyata a ƙashin baya. Aikin ya yi kyau, alhamdu lillahi, amma likitan ya ce ba a gama ba, yanzu ma aka fara. Sai ya riƙa dawowa duk mako ana yi masa gashi ana koya wa ƙafar tafiya, a ƙarƙashin idonsa, har ranar da zai sallame shi. Zama a Jos ba zai yiwu mana ba, ga aikina, ga ku. Baffanku ya ce zai ba mu direba cikin masu yi masa aiki. Babanku ya ƙi. Bayan Baffa ya fita ya kira ni ya ce,

"Malama, ba na son wani bare ya ji ina nishi. Ke za ki riƙa kai ni."

Na ce, "Alhaji, ni da ban taɓa fita bayan gari da mota ba?"

Ya ce, "Hanya ce miƙaƙƙiya. Ga ni a gefenki."

Tayoyin motar a lokacin sun suɗe, don ciwo ya hana shi kula da su, abin da ke hannunmu kuma tiyata ta kwashe. Baffanku ya zagaya motar, ya shafa kowace taya da tafin hannunsa, sannan ya karɓi makulli. Da yamma ya dawo da ita da sababbin tayoyi gaba da baya, irin waɗanda yake sa wa motocinsa na haya. Bai karɓi ko sisi ba. Ina so ku riƙe wannan da kyau, kada wani cikinku ya ɗauka rowa ce ta sa ya kawo masu araha. Abin da ya yarda da shi ya kawo mana, wanda yake ɗora wa rayukan fasinjojinsa da abincin gidansa. Kuma sababbi ne fil, ba gwanjo ba, zanensu mai zurfi har kan yatsa na shiga.

Talata ce ranarmu, hedimasta ya ɗauke mini darussan ranar. Mukan fita da sassafe, in kwantar masa da kujerar gaba, in tokare shi da filo ta ko'ina. Muna barin gari na ji bambanci, ni da ba gwanar mota ba. Wani ƙugi ne ke tasowa daga ƙarƙashi, yana ƙaruwa da gudu, har sai mun ɗaga murya in za mu yi magana. Sannan ga tauri. Duk wani facin da aka yi wa kwalta, duk wata 'yar gargada, sai motar ta miƙo ta kai tsaye cikin kujera. Ni mai lafiya ina jin ta a ƙugu, balle wanda aka tsaga wa baya. Babanku bai taɓa cewa wayyo ba. Hannunsa kawai nake gani ya damƙe mariƙin ƙofa har jijiyoyi sun fito, goshinsa na tsatstsafo da gumi, leɓensa na motsi da salati. Kafin mu kai Nabordo rigarsa ta jiƙe. Dawowa ta fi tafiya wuya, domin an riga an murza shi a wurin gashi. In mun iso gida sai ya kwana biyu ba ya iya juyi, kafin ya farfaɗo wata Talatar ta zo. Mai yi masa gashin ta taɓa jana gefe ta tambaye ni ko yana ɗaukar kaya masu nauyi a gida, don abin da suka gyara wannan mako sai su tarar ya warware a mako na gaba. Na ce ko buta ba ya ɗauka. Na rage gudu har manyan motoci na wuce mu suna mana hon, abin bai canja sosai ba, tafiyar ce kawai ta ƙara tsawo.

Sai damina ta faɗi. Wata rana muna dawowa, an yi ruwa an ɗauke, titi na sheƙi, mun gangaro kusa da Zaranda sai ga shanu sun fara tsallakawa. Tun daga nesa na hango su, kuma ba gudu nake ba. Na taka birki yadda babanku ya koya mini. Motar ta ƙi tsayawa. Ta ci gaba da sulalewa kamar an ɗora ta a kan sabulu, bayanta ya karkace, sai da muka je dab da wata saniya sannan muka tsaya a gicciye. Ba abin da ya same mu, ko saniyar ba mu taɓa ba. Amma fizgar da motar ta yi ta sa babanku ya saki wata ƙara da ban taɓa jin irinta daga bakinsa ba. Na gangara gefen titi na kashe mota. Mai shanun ya zo yana ta ba mu haƙuri. Da babanku ya sami numfashi, abin da ya fara cewa shi ne,

"Ba laifinki ba ne, Malama. Daidai kika taka. Motar ce ba ta saba da waɗannan takalman ba."

"To tun farko me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Yaya ne ya saya," ya ce. "Ki bar maganar a nan."

Ban bar ta a nan ba. Washegari da aka tashi daga makaranta na hau keke mai ƙafa uku na tafi wajen Maman Chidi. 'Yar ƙabilar Ibo ce, Kirista, tana da shagon taya a wajajen Wunti, wanda ta ci gaba da riƙewa bayan mijinta ya rasu. Ɗanta Chidi ya yi aji a hannuna, shi ya haɗa mu. Ta yi shekara da shekaru a Bauchi, tana jin Hausa sarai, sai dai a bakinta kowa "kai" ne, mace da namiji. Na zauna a bencinta na kwashe komai na faɗa mata. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta shiga ciki ta mirgino tayoyi biyu ta jingina su a gabana, ɗaya irin ta Baffa, ɗaya irin wadda babanku ya saba saya.

"Malama, sa farce ka danna wannan," ta ce. "Yauwa. Yanzu danna wancan."

Ta farkon kamar na danna katako. Ta biyun kuwa farcena ya ɗan nutse, ya bar shaida, sannan robar ta dawo.

"Wannan mai araha ba mugun taya ba ne," ta ce. "Robansa tauri, titi ba ya cin shi da sauri. Masu haya suna so, ni ma shi na fi sayarwa. Wannan mai tsada robansa laushi, yana kama titi kamar hannu. Amma ba zan yi maka ƙarya ba, titi yana cin shi. Zai riga wancan ƙarewa."

Na ce, "Ikon Allah! Ya fi tsada, kuma ya riga ƙarewa? To me mutum yake saya da kuɗinsa?"

"Tsayawa," ta ce. "In ka ce tsaya, ya tsaya, ko cikin ruwa. Da shiru. Da laushi a jiki. In cikin gari ne kawai, daga Ɗan Iya zuwa makaranta, zan ce maka kada ka ɓata kuɗinka. Amma kai marar lafiya kake ɗauka."

Ta juya tana kallon titi. Sannan ta gaya mini abin da ban sani ba duk zamanmu, cewa da ciwon mijinta ya yi tsanani ta ɗauke shi a motar haya zuwa garinsu, tafiyar yini guda, kansa a kan cinyarta, duk ramin da suka faɗa tana jin yadda jikinsa ke ɗaurewa. Ta ce har yau in mota ta faɗa rami da ita sai ta tuna shi. Da ta faɗi kuɗin sai da na dafe ƙirji, sun kusa ninka na Baffa uku, alhali ta cire ribarta gaba ɗaya. Kuma ta ƙi sayar mini da waɗanda ke cikin shagon, ta ce sun daɗe a ajiye, roba tana tsufa ko ba a taka ta ba, in ba ta 'yan kwanaki ta sa a ɗoro mata sababbi daga Legas.

A watan nan ne kwasar adashenmu na malamai ta faɗo kaina. Na daɗe da ƙulla abin da zan yi da ita: firiza, don in riƙa yin zoɓo da kunun aya ina sayarwa, ragowar kuma in yi muku ɗinkin Babbar Sallah da ke tafe. Na yi kwanaki ina juya abin a raina. Ba firizar ce ta fi tsaya mini ba, ba ma atamfarku ba, sai ku yi haƙuri. Baffanku ne. Mutum ya yi maka alheri da hannunsa, ba ka roƙa ba, ba a je ko'ina ba ka cire ka ajiye, ai ka ce masa kayansa ba su kai ba. Babanku ya ce kada in yi, zai jure. Na ce masa juriyar tasa ce ke warware aikin likita. Wannan ne karo na farko a zamanmu da ya ce kada in yi abu na ce zan yi. Ya juya fuskarsa bango. Abin da na ga ya dace shi ne kada Baffa ya ji a bakin kowa. Na ɗauki mayafina na same shi a gida bayan la'asar, na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa abin da ya faru a Zaranda da abin da na yanke.

Ya ɗago ya dube ni. Sannan ya ce, "Rabi, yaushe kika fara tuƙi?"

Na ce, "Ban kama ƙafarka ba, Yaya."

"Motocina kullum suna kan hanya da tayoyin nan, rani da damina, ban taɓa rasa fasinja ba. Mai shago ta ga mace da kuɗin adashe ta yi miki daɗin baki. Kafin wata daminar ta zagayo za su suɗe, ki ce ni na faɗa."

"Ita ma haka ta ce, Yaya. Ba za su daɗe ba."

"Ta faɗa miki da bakinta, kuma za ki saya?"

"Zan saya."

"To, Allah ya ba da sa'a," ya ce, ya jawo rediyonsa ya kunna.

Daga ranar ya daina cin tuwon Juma'a a gidanmu, abin da bai taɓa fashi ba tun aurenmu. Yakan zo ya duba ƙaninsa jefi-jefi, ya tsaya a tsaye, in na kawo ruwa ya ce a ƙoshe yake. Wannan ya ci wa babanku rai ƙwarai, ni ma haka. Tayoyin Baffa ban yarda an sayar ba, ko da yake Maman Chidi ta ce za ta karɓa ta rage mini kuɗi. Kyautar wan mijina ce, ban ga yadda zan kai ta kasuwa ba. Na sa aka jera su a zaure aka rufe da tabarma. Sallah ta zo, na wanke muku kayan bara na goge. Fa'iza ta yi kuka har ta ƙi cin nama, Hauwa kuwa ta ɗaure mini fuska har aka gama shagali.

Talatar farko da sababbin tayoyin, muna fita gari na ƙara wuta ina jiran ƙugin nan, bai zo ba. Shiru, sai ɗan huci kamar iska a gonar dawa. Sitiyari ya zauna daram a hannuna, inda na nufa nan motar take bi. Gargadar tana nan, ramukan ba inda suka je, ba zan ce muku taya ta mai da hanyar Jos katifa ba. Amma dukan yana isowa a dusashe, kamar an sa wani abu mai laushi tsakaninka da shi. Na saci kallon hannun babanku, na gan shi a kan cikinsa, ba a kan ƙofa ba. A dawowa, mun ɗan wuce Tilden Fulani ina ba shi labarin wata rigima da aka yi a ofishin malamai, na ji bai amsa ba. Na juya a tsorace. Barci yake yi, baki a ɗan buɗe, har da minshari. Mutumin da tun tiyata bai yi barcin kirki ba ko a kan gado. Na yi ta tuƙi ina share hawaye da gefen mayafi, ina hamdala. Bai farka ba sai da muka shigo gari masu keke suka fara hon. Ya leƙa ta taga ya ce, "Ina ne nan?" Na ce Bauchi. Ya juyo gare ni ya ce, "Allah ya yi miki albarka." Daga ranar ba mu sake yin maganar taya ba.

Ƙafar ta fara karɓar gashi. Ya bar keken marasa lafiya ya koma sanduna biyu. Maman Chidi kuwa ta kafa mini doka, duk Talata kafin mu kama hanya sai mun tsaya a shagonta. Saboda mu ta riƙa buɗewa da wuri. Mai facin da ke gefenta ya auna iska, ita kuma ta leƙo ta taga ta gaishe da babanku yana kwance a kujera, ta ce, "Oga, yaya jiki? Allah zai ba ka lafiya." Amma kada ku ɗauka masu tsadar ba su da aibu. Ba sa son rami ko kaɗan. Wata rana kusa da Magama na faɗa wani rami da ruwa ya rufe, tayar baya ta yi ƙulli a gefe kamar ƙwai. Maman Chidi ta duba ta girgiza kai, ta ce wannan ba ta gyaruwa, kuma ba za ta bar ni in hau titi da ita ba. 'Yan kunnena na aure ne suka maye gurbinta. Sannan maganar Baffanku ta tabbata. Rani ya wuce, zafi ya shigo, kafin hadarin farko ya haɗo zanen tayoyin gaba ya yi ƙasa sosai, da saura amma ba yawa. Na je zaure na ɗaga tabarma na duba na Baffa. Gaskiya su ba su yi tafiya mai yawa ba, amma dai sun sha hanyar nan makonni, kuma ko alamar ci babu a jikinsu. Na tsaya ina kallonsu ina tunanin abin yi, domin likita ya ce da sauran tafiya.

Wata Talata da safe na fito da filo zan jera a mota, sai na tarar da Baffa tsugune a gaban tayar gaba yana shafa ta. Ashe labari ya kai masa tasha. Ya ɗago kai ya ce,

"Me na ce miki?"

Na ce, "Gaskiyarka, Yaya. Sun cinye."

Ina jin gardama ya shiryo, da bai same ta ba sai ya miƙe yana karkaɗe hannu. Ana haka babanku ya fito dogare da sanda ɗaya, ya ce, "Yaya, tunda ka zo, shigo ka raka ni. Likita ya daɗe yana tambaya ko ba ni da 'yan'uwa maza." Baffa ya miƙo hannu zai karɓi makulli, babanku ya ce, "Direbata na nan." Haka Baffa ya buɗe baya ya shiga. Tun daga Ɗan Iya har Jos bai bar ni na huta ba, ki kama hannunki, ki rage, ga rami can, wa ya koya miki shiga kwana haka. Na yi ta cewa to. A asibiti ya ce shi zai shiga da babanku ɗakin gashi, ni in huta. Ban san abin da ya gani ba, amma na san abin da ake yi a ɗakin, yadda ake lanƙwasa ƙafar ana miƙewa, mutum na cije leɓe. Ya fito idanunsa sun yi ja, ya ce wai warin magani ne. A dawowa bai gyara mini tuƙi ko sau ɗaya ba. Babanku ya yi barcinsa kamar yadda ya saba. Can sai na ji Baffa ya matso bayan kujerata, ya yi ƙasa da murya.

"Kullum haka yake barci a hanya?"

"Tun da aka canja, Yaya."

"Da fa?"

Na faɗa masa, hannun nan a kan ƙofa, jiƙaƙƙiyar riga, kwana biyu ba juyi, da ƙarar da ya yi a Zaranda, wadda ban gaya masa ba wancan karon don na san babanku ba zai so ba.

"Me ya sa bai faɗa mini ba?"

"Ya ce kai ka saya."

Ya koma ya jingina, muka ci gaba da tafiya har muka wuce Buzaye. Sai da muka kusa gari ya ce, "Rage kaɗan, akwai gargada a gaba, kada ki tashe shi."

Ranar Alhamis ya zo ya karɓi makulli, ya ce zai kai motar a duba mata birki. Da ya dawo, tayoyin gaba sababbi ne, masu laushin nan, daga shagon Maman Chidi. Daga baya ta gaya mini sai da suka yi ciniki kamar za su yi faɗa, ya kira tayoyin da kowane irin suna, sannan ya biya. Ya miƙo mini makulli yana kallon wani wuri, ya ce,

"Ina nan a kan bakana, ba su da ƙarko. Amma bana ba ƙarko muke nema ba."

Washegari Juma'a ya zo ya zauna a tabarmarsa, ya ci tuwo har ya nemi ƙari, ya ce miyar ta yi gishiri.

Don kada in bar ku da tambaya, bayan an daina zuwa Jos kuma masu tsadar sun ƙare, tayoyin zaure muka fito da su muka mayar. Babanku da kansa ya ce a yi haka. A cikin gari, daga gida zuwa ofis, zuwa kasuwa, zuwa Gwallameji duba 'yan'uwa, ba abin da suka rage mu da shi sai ɗan ƙugi, kuma har aka sayar da motar ba su suɗe ba. Baffa ya yi ta tsokanarmu da wannan har ƙarshen ransa. Ni dai abin da na gani ke nan da idona: Baffa bai yi ƙarya ba, Maman Chidi ma ba ta yi ba. Shi yana auna taya da daɗewarta, ita tana auna ta da wanda aka ɗauko a kanta. Allah ya haɗa mu da su biyun a lokacin da muke bukatar kowannensu, kuma ban taɓa daina gode masa a kan haka ba.

Ranar da likita ya sallame shi, ana tsakiyar damina, babanku ya ce kada in kwantar da kujera, a zaune zai koma. Muna shigowa gari ya ce in bi ta Wunti. Na tsaya a ƙofar shagon, na zagayo zan kama shi, ya ce in bar shi. Ya buɗe ƙofa, ya sauko da ƙafar nan ta hagu, ya miƙe, sandar ma a mota ya bar ta. Maman Chidi tana ciki ta ba mu baya tana jera kaya. Ya taka a hankali har bakin ƙofa ya yi sallama. Ta juyo ta ce, "Sannu da zuwa, Alhaji, wane irin taya kake so?" Sai ta hango ni a bayansa, ta dubi motar, ta ga kujerar gaba ba kowa. Ta sake dubansa tun daga ƙasa har sama. Abin da ke hannunta ya faɗi, ta ɗora hannu biyu a ka.

"Malama!" ta ce, tana dariya hawaye na zuba. "Ashe mijinka dogo ne!"